Na gwada maida icce dutse

Akwai wani ruwa mai yauƙi da masu haɗa sabulu ke sawa, sodiyom siliket, shi na zuba a roba na jiƙa guntun busasshen icce a ciki, na danne shi da dutse don kar ya taso sama, na rufe na manta da shi ya kwana biyu. Da na ciro ya bushe wallahi ya ƙara nauyi, bayansa sai ƙyalli, ashana ma bata kama shi da wuri. Amma da na sa wuƙa na fere sai ga icce zalla a ciki, ashe fenti kawai nayi masa. Ruwan yayi kauri ne, ya toshe ƙofofin waje tun bai kai ciki ba.

A ƙarƙashin ƙasa ba haka abun yake tafiya ba. Bishiya zata faɗi, laka ko tokar dutse mai aman wuta ta binne ta da wuri iska ta yanke mata, to ƙwayoyin da ke ruɓar da icce sun rasa yadda zasuyi. Sai ruwa ya narko silika daga tokar nan, sinadarin dake cikin yashi da gilashi kenan, tsinkakken ruwa ne fa ba mai kauri irin nawa ba, yana ratsawa yana ajiye ta kaɗan kaɗan a ƴan hanyoyin da bishiya ke jan ruwa dasu, naman iccen na zagwanyewa silika na zama a gurbinsa. Kuma dole su tafi tare, in ruɓewa ta riga shikenan siffar ta tafi. Shi yasa zaka ga dutse da zoben shekaru har da ɓawo amma wuƙa ko karce shi bata yi.

Launin kuwa daga ma'adinai ne, ƙarfe ke bada ja da rawaya da ruwan ƙasa. Itatuwan da suka zama dutse a Arizona ta Amurka sun haura shekara miliyan 200, na tsibirin Lesbos a Girka wajen miliyan 20.

Ni dai abinda ya ban mamaki, ba dole sai miliyoyin shekaru ba. A Japan an tsoma icce a maɓuɓɓugar ruwan zafi mai silika, cikin shekara 7 ta cike wani kaso mai yawa na cikinsa. Rikiɗewar silikar ta zama tauri sosai ce ke cin dogon zamani.