Yinin Asabar a maƙera saboda ƙyauren zaurenmu

Yau Asabar na yini a maƙera tun daga hantsi har bayan la'asar, kuma ina so in rubuta abin da na gani tun ƙaurin gawayi bai bar rigata ba. Dalilin zuwana shi ne ƙyauren zauren gidanmu na gado da ke unguwar Jahun a cikin garin Bauchi. Kafinta ya gama haɗa sabon ƙyaure na katakon maɗaci tun makon jiya, falle 5 a jere, tsayinsa ƙafa 6 da rabi, kuma nauyinsa ya kai sai mutum biyu sun kama kafin ya ɗagu. Tsohon ƙyauren bai kai rabin wannan nauyi ba, amma sau biyu hinjis na kanti yana buɗewa a jikinsa, sukurori suna zarewa daga katako, har ƙasansa ya riƙa jan daɓe duk lokacin da aka tura shi. Saboda haka na yanke shawarar cewa wannan karon ƙera masa za a yi da hannu, kuma tunda za a ƙera, gara a yi mai ado wanda zai dace da fuskar gidan.

Maƙerin da aka kwatanta mini dattijo ne da ya san mahaifinmu, don haka Baba nake ce masa. Na isa wurinsa ɗauke da guntun sifirin babbar mota da na saya a hannun 'yan gwangwan, ina ganin na kawo ƙarfen da ya fi kowane ƙarfi. Ya karɓa, ya ƙwanƙwasa shi da muntalaga, ya saurari amonsa, sannan ya ajiye shi gefe. Ya ce, "Ɗana, wannan na gatari ne da wuƙa. Yana da tauri, yana gardama a ƙarƙashin masaba, kuma in ya sha ruwa da zafinsa sai ya tsage. Abin da zai riƙe ƙyaure ba kaifi ake nema a wurinsa ba, haƙuri ake nema." Ya aiki jikansa ya sayo falatba, wato miƙaƙƙen ƙarfe mai laushi, faɗinsa inci 2, kaurinsa rubu'in inci, tare da guntun rodi mai santsi wanda za a yi sandar juyawa da shi.

Kafin yaron ya dawo na samu damar kallon wurin da kyau. Rumfa ce ta kwano, buɗe ta gefe biyu, kuma a zaune ake aikin, ba a tsaye ba. Uwar maƙera tana kafe a cikin wani kututturen itace da aka binne a ƙasa, samanta ya yi sumul saboda shekarun duka. Daga hagu akwai zugazugi na fatar akuya guda biyu, bakunansu sun haɗu a ƙahon zuga na yumɓu wanda yake kai iska ƙarƙashin wuta. A gaban Baba kuwa an jera masaba babba da ƙarama, da awartaki iri uku, da kurfi, da madoshi, da magagari, sai wani tsohon kasko cike da ruwa. Gawayin na ƙirya ne, kuma ya ce ba ya yarda da wani in dai aikin mai kauri ne, domin shi ne yake daɗewa yana ci, ya ba da zafi sosai, bai cika toka ba. Ya yi ƙorafin cewa buhunsa yana ƙara wuyar samu, saboda itatuwan ƙirya sun yi nisa da gari.

An yanka falatbar gida uku, kowane yanki tsawon inci 22, tunda hinjis uku za a yi. Na tambayi dalilin wannan tsayi, alhali na kanti bai fi tafin hannu ba. Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na fahimci aikin gaba ɗaya. Ya ce ƙyaure mai falle da yawa, nauyinsa kullum yana rinjaya ne zuwa gefen da ba a riƙe ba, shi ya sa hinjis na sama jan sa ake yi waje, na ƙasa kuma danna shi ake yi ciki. Idan harshen hinjis ɗin, wato dogon ɓangaren da ake kafawa a jikin ƙyaure, ya miƙe ya ratsa falle uku ko huɗu, to ya ɗaure su wuri guda, ya kuma raba nauyin a kan ƙusoshi da yawa maimakon ya tara shi a bakin katako ɗaya. Ashe doguwar siffar nan da nake ɗauka ado ce kawai, ita ce ƙashin bayan abin.

Da jikan ya fara zuga, hannu ɗaya yana sauka ɗaya yana tashi, sai wutar ta soma huci. Baba ba ya duban agogo, launin ƙarfe yake karantawa, kuma a nan na gane amfanin duhun rumfar, domin a cikin hasken rana ba a ganin launin sosai. Ƙarfen yakan fara da ja mai duhu, ya koma ja mai haske, sannan ya zama ruwan lemo, wanda a karatun da na yi yana nufin zafin ya kusa digiri 1,000. A daidai nan yake zaro shi da awartaki. Mun saba cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, amma sai yau na ga gajartar wannan lokaci da idona, domin bai fi a yi bugu ashirin ba launin ya dushe, a mayar da shi wuta. Shi yana nuna wurin da ƙaramar masaba, wani matashi almajirinsa yana sauke babbar a daidai inda ya nuna, ba tare da sun yi wa juna magana ba. A hankali harshen ya riƙa sirancewa daga gindi zuwa kai, faɗin inci 2 ya dawo kusan inci 1, ya kuma ƙara tsayi, sannan Baba ya bi gefunan biyu yana kwantar da su don kada su yi kaifi.

A kan ado mun ɗan yi ja-in-ja. Ni na zo da burin a fitar mini da dagi a ƙarshen kowane harshe, irin wanda ake gani a bangon gidajen sarauta da wuyan babbar riga. Baba ya ce dagi na magina ne da maɗinka, domin zare da laka suna yarda a saƙa su, amma in aka ce za a huda ƙarfe mai wannan faɗi har dagi ya fito, abin da zai rage ba zai riƙe ƙusa ba. Ya zana mini siffa biyu a ƙasa da tsinke: kan mashi, da abin da ya kira ƙahon rago. Na zaɓi ƙahon rago. Yadda ake yin sa shi ne a tsaga ƙarshen harshen gida biyu da kurfi, tsawon kamar inci 4, a buɗe rassan, a ja kowanne har ya yi tsini, sannan a naɗe shi waje a bakin uwar maƙera da ƙananan bugu har ya murɗe. Wahalar tana wajen daidaita rassan biyu, tunda babu ma'auni sai ido, kuma sau uku yana mayar da na hagu cikin wuta kafin ya gamsu. Bayan haka ya bi tsakiyar harshen da bakin kurfi yana sassara layuka masu karkata, ɗaya na fuskantar ɗaya, irin zanen da ake yi wa ƙwarya.

A harshe na biyu aka yi ɓarna, kuma da hannuna a ciki. Na ja Baba da tambaya a lokacin da siririn reshen yake cikin wuta, yaron kuma bai sassauta zuga ba, sai kawai muka ga farin tartsatsi yana tashi. Da aka zaro shi, tsinin ya ƙone ya yi ƙuraje, ya ɓalle da bugu ɗaya. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce wa jikan siririn ƙarfe ba ya son zuga mai yawa, ya yanke wurin da ya lalace, ya sake tsagawa. Wannan harshen ya gajarta da inci 2, don haka aka ce shi za a sa a tsakiya. Daga nan na riƙe tambayoyina sai lokacin da ƙarfe yake kan uwar maƙera yana hucewa.

Bayan mun dawo daga sallar azahar muka zauna cin ƙosai da kunu, a nan ne hira ta yi daɗi. Ya ce a zamanin kakansa ƙyaure ba ya buƙatar hinjis ko kaɗan. Ana barin wani dungu a sama da ƙasan katakon gefe, na ƙasa ya zauna a cikin rami a dutse ko itace, na sama ya shiga cikin azara, ƙyauren ya riƙa juyawa a kansu. Aikin maƙeri a lokacin shi ne ƙera ɗamarar ƙarfe da ake gicciyawa a kan fallayen, da ƙusoshi masu manyan kawuna, da sarƙa da makulli. Wato harshen da yake ƙera mini yau jikan waccan ɗamara ne, an dai ƙara masa idon da sandar juyawa take shiga ne a gindi. Ya kuma tuna cewa ƙarfen zamanin da, daga tama ake narko shi, kafin ƙarafan jirgin ƙasa da na motoci su wadata a daina wannan wahala. Na yi tunanin garin nan da Malam Yakubu ya kafa a 1809, da ganuwarsa da ƙofofinta irin su Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai da Ƙofar Nassarawa, waɗanda yau sunayensu suka fi gininsu rayuwa a bakin mutane. Muna tunawa da magina, har muna kai baƙi Kafin Madaki su ga gidan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, kuma hakan daidai ne, amma ban taɓa jin an ambaci sunan maƙerin da ya ɗaure ƙyauren wata ƙofa ba, alhali ƙofa ba ta tsare gari sai da ƙyaure.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne wanda ba wanda zai tsaya kallonsa in an kafa ƙyauren, wato idon da sandar juyawa take shiga. Baba yana kiran ɓangaren mai ido mace, mai sandar kuma namiji. Ya fara da fiƙe gindin harshen ya yi masa gangare, don in an naɗe shi bakin ya kwanta ba tare da ya bar tudu ba. Sai ya leƙo da shi kaɗan daga bakin uwar maƙera, ya lanƙwasa shi ƙasa, ya juya shi, ya riƙa bugunsa zuwa wajen kansa har ya kusa rufewa. Daga nan ya zura rodi mai kaurin rabin inci a ciki, ya ƙarasa naɗin a kansa, yana murza rodin bayan kowane bugu biyu don kada ya maƙale. Ya ce in idon ya yi faɗi ƙyaure zai yi girgiɗi ya sunkuya, in ya matse kuma zai yi kuka ya cinye kansa, kuma tazarar da ake so ba ta fi kaurin farce ba. Ido na uku ya karkace kaɗan, abin da ni ban ma lura da shi ba sai da ya ɗora shi a kan miƙaƙƙen katako ya nuna mini hasken da ke ratsawa ta ƙasa. Ya warware shi ya sake naɗawa, ko da yake la'asar ta gabato kuma ni da kaina na ce a bar shi haka. Namijin kuwa ƙarfe ne mai kusurwa, sandar tana tsaye a kan kafaɗa mai faɗi inda idon zai zauna, jelarsa kuma an tsaga ta an buɗe don ta kama siminti a cikin bango.

Hudar ƙusa ma da zafi aka yi ta. Yana kafa madoshi ya buga har ya kusa fita, sai ya juya ƙarfen ya buga ta baya a kan baƙin tabon da ya bayyana, ɗan guntun ya faɗo. Huda 5 ya yi wa kowane harshe, ba a kan layi ɗaya ba, don kada ƙusoshin su bi jijiya guda su tsaga katakon. Almajirin ne ya ƙera ƙusoshin, guda 15 da ƙarin 3, masu kai kamar hula, dogaye yadda za su fita ta bayan ƙyaure a lanƙwasa su. A ƙarshe aka goge komai da magagari, aka ɗumama shi sama-sama, aka shafe shi da tsumma mai man gyaɗa. Hayaƙi ya tashi, man ya ƙone a jikin ƙarfen ya bar shi baƙi wuluk mai ɗan sheƙi. Ya gargaɗe ni cewa wannan ba zai hana tsatsa har abada ba, sai in riƙa shafa mai kafin kowace damina, in kuma ɗiga kaɗan a cikin idon.

Kuɗin da ya yanka mini ya ninka na kanti sau da yawa, kuma ban nemi ragi ba, domin na ga mutum uku sun ba da yininsu da buhun gawayi kusan rabi. Da na miƙa masa ya ce araha ba ta ado, ya kuma gaya mini cewa ya fi shekara goma ba wanda ya kawo masa irin wannan aiki, sai fartanya da lauje da gyaran galma, masu gini duk sun koma wurin masu walda. Jikan nasa bai taɓa ganin an naɗa ido ba sai yau. Wannan magana ta tsaya mini a rai, har na ce masa in Allah ya kai mu bayan girbi zan kawo aikin tagogi biyu na zauren, da sharaɗin yaron ne zai naɗa idon ko da sau nawa zai ɓata. Baba ya ce, "Allah ya kai mu, ɗana, amma ka zo da ƙarin ƙarfe."

Na iso gida gab da magariba da su a cikin buhu. Na shimfiɗa su a kan ƙyauren da ke kwance a tsakar gida, na zura kowace mace a kan namijinta, duka ukun suka juya ba ƙara. Hajiya ta fito ta shafa ƙahon ragon da yatsa, ta ce ya tuna mata da ƙyauren turakar mahaifinta. Na kira kafinta da magini mun tsayar da safiyar Litinin, kuma maginin ya ce sai simintin ya kwana uku kafin a rataya ƙyauren.