Ɗan injin feshin nan da ake raina min a shago

Jiya wata hajiya ta kawo min 'yarta gyaran amarya, mun gama cire mata gashi da halawa kenan na ɗauko injin feshi mai sanyi zan yi mata a fuska, sai uwar ta kwashe da dariya tace haba Hajiya, wannan abin wasan yaran ma yana cikin kuɗin da kika yanka mana? Ai ko jikata tana da irinsa ruwan hoda, a bakin titi aka saya mata. Ban tanka ba, na ci gaba da aikina, don shekarun da na yi a sana'ar nan sun koya min ba a ja da uwar amarya ana saura kwana huɗu ɗaurin aure. Amma maganar ta tsaya min a rai har na koma gida, shi yasa yau nace bari dai in zauna in yi bayani.

Ni ba a shago na koyi gyaran jiki ba. A Maiduguri na koya, wajen gwaggona ƙanwar babanmu, lokacin da aka kai ni riƙo bayan na gama firamare. Allah ya jiƙanta, mace ce mai faɗa amma hannunta akwai albarka. Shekara guda cur ba ta bari na taɓa jikin amarya ba, aikina daka kurkur, tankaɗe, hura gawayi da gadin tukunyar halawa. Sukari da lemun tsami da ruwa ne kawai amma in ki ka ɗauke ido minti ɗaya ya ƙone, in ki ka sauke da wuri kuma ya yi ruwa ya ƙi kama gashi. Sai ta ɗiga ɗan kaɗan a ƙwaryar ruwan sanyi ta mulmula da yatsa, in bai dunƙule yadda take so ba, toh ranar kunnena zai gaya min. Abin da ya sa na kawo ta a maganar nan shi ne, duk sanda ta gama cire halawa ko ta murje dilka, ko amarya ta tashi daga kan turaren dorot, wato itacen da ake turara jiki da hayaƙinsa, jikinta ya ɗau zafi, sai ta ce in je randa in jiƙo mata farin ƙyalle. Randar tana can ƙarƙashin darbejiya, ruwanta kamar daga firij. Ta matse ƙyallen ta shimfiɗa a fuskar amarya, ta bar shi ya huce, ta sake, sannan tun fatar da damshinta ta shafa mai. Ba ta taɓa barin fuska ta bushe kafin mai ya hau ba. A lokacin ban san dalili ba, ita ma ba ta bayani, cewa kawai take haka ake yi.

Toh wannan injin da ake wa dariya, aikin ƙyallen gwaggo yake yi, sai dai ya fi shi tsabta kuma ba ya goge fatar da ta riga ta sha wuya.

Mutane da yawa suna haɗa shi da injin tururi, alhali ba ɗaya ba ne. Na tururi tafasa ruwa yake kamar sirace, zafin yana tausasa maiƙo da dattin da ya toshe ƙofofin gashi, kafin a fara goge fuska ake amfani da shi. Mai sanyi ba ya dafa komai. A bakinsa akwai wani ɗan faranti na ƙarfe siriri, bai fi farcen babban yatsa ba, tsakiyarsa cike da ƙananan huji da ido ba ya gani sosai. In ki ka kunna sai farantin ya dinga karkarwa sama da sau dubu ɗari a daƙiƙa ɗaya, karkarwar ce ke tura ruwan ta hujin ya fito kamar hazon asuba. Shi yasa in ki ka sa hannu za ki ji sanyi da ɗan damshi amma ba za ki ga ruwa yana gangara ba, kuma shi yasa ake iya yinsa a kan kwalliya hoda ta kwanta lub ba tare da fandeshan ya zame ba. Na hannu tankinsa ƙarami ne, yawanci mililita 30, da cajar waya ake cajinsa, ko NEPA ta ɗauke fawa bank ya ishe shi. Ina da irin waɗannan da nake fita da su gidan biki, sannan a shago akwai babba mai ƙafa mai baki biyu, ɗaya zafi ɗaya sanyi.

Gaskiyar da masu talla a TikTok ba sa faɗa, ni zan faɗa: ruwa ne kawai. Ba ya sa fari, ba ya kashe kuraje, ba ya cire tabo, kuma maganar wai zafi yana buɗe ƙofofin fata sanyi yana rufe su kamar taga, zance ne. Abin da sanyi yake yi shi ne ya kwantar da ja da raɗaɗi da ɗan kumburi bayan halawa ko cire gashin gira da zare. Kuma in ki ka fesa ki ka bar shi haka, musamman da hunturu, iska za ta kwashe ruwan ta haɗa da damshin fatarki ta tafi, ki wayi gari fuska ta fi da gautsi. Mu nan Kano daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, wanki ma kafin ki gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe, balle ɗan feshi. Akwai wata yarinya 'yar jami'a da ta zo min fuskarta furu-furu tana ɓarewa a gefen hanci, tace ita fa kullum sai ta fesa sau goma amma abin gaba yake yi. Nace me kike shafawa bayan feshin? Tace ba komai Anti, ai an ce shi kaɗai ya isa. Na zaunar da ita na wanke mata fuska, na riƙe injin nesa da ita kamar taƙi guda, na zagaya goshi, kumatu, haɓa kamar rabin minti, tun kafin ya sha iska na ɗiga gilisarin kaɗan na bi da man kaɗanya wanda nake narkawa da kaina in tace sau biyu. Na dinga dannawa da tafin hannu, ba murzawa ba. Ta taɓa kumatunta ta kalle ni, tace Anti dama haka ake yi? Sai na tuna gwaggo.

Inda injin nan ya fi yi min rana shi ne wajen masu shafe-shafe. Kun san dai halin da ake ciki da mayukan bilicin, mace za ta zo fatar fuskarta ta yi siriri har jijiyoyi kore-kore sun fito, gaɓoɓin yatsu baƙi, kuma ta rantse miki ita basilin kawai take shafawa. Irin wannan fatar in ki ka kuskura ki ka sa mata tururi mai zafi ko dilka mai kaushi, kin jawo wa kanki magana, don za ta yi ja ta saɓule a ce ke ki ka ƙona ta. Ni da na kalla na san me zan iya yi da me ba zan iya ba. Wasu feshin sanyi da mai mai laushi kawai nake musu in ce su je su ga likitan fata, ko da ransu zai ɓaci. Wannan ganewar ba a cikin kwalin inji take zuwa ba.

Sai kuma gashin ido. Gam ɗin da ake manna shi da shi damshin iska ne ke busar da shi, ba zafi ba, shi yasa da hunturu za ki ga ya ƙi kamawa da wuri, yana ta yaji a ido amarya tana hawaye. In na gama sai in ce ta ci gaba da rufe ido, in tsaya nesa-nesa in fesa a hankali. In ki ka matso da shi kusa ruwa ya taru a gindin gashin, gam ɗin sai ya yi fari ya ƙage, kwana biyu gashin ya fara zuba. Na taɓa yin wannan kuskuren farkon sayen injin, ranar kamu kuwa, sai da na cire duka na sake ana ta buga min waya daga wajen taro. Tun ranar ban ƙara ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, wato jabun kaya. Wallahi na gaji. Kwali iri ɗaya, hoto iri ɗaya, kala iri ɗaya, amma ciki kamar sama da ƙasa. Akwai wani mai kawo min kaya daga Chaina, ba zan kama suna ba, shekara da shekaru muna hulɗa. Samfurin da ya fara nuna min mai kyau ne, feshi laushi kamar hayaƙi. Na ba da oda, kaya suka iso bayan ya sa ni jira wata biyu yau kwantena tana Legas gobe kwastan sun riƙe, na buɗe na gwada, wani yana tofa ruwa ɗigo-ɗigo kamar mai atishawa, wani batirinsa minti biyar ya mutu, wani tankin yana yoyo ya jiƙa min jaka har hodata ta lalace. Da na kira shi cewa ya yi Hajiya ai duk kamfani ɗaya ne, ki yi haƙuri. Haƙuri! In ya tofa wa amarya ruwa a kan kwalliyar da na ɓata awa biyu ina yi, haƙurin ne zai gyara? Yanzu ba na karɓar ko ɗaya sai na gwada shi a gabansa. Ina riƙe madubi a gaban bakin injin, mai kyau zai lulluɓe madubin da hazo bai ɗaya, jabu kuwa za ki ga manyan ɗigo suna gangarowa. Sannan in kunna shi in bar shi har tankin ya ƙare in ga ko ƙarfin feshin zai ragu a hanya.

Ko mai kyan ma, ruwa ne ke kashe shi. Ruwan burtsatse da na rijiya akwai gishiri-gishirin ƙasa a ciki, irin farin nan da yake kamawa a gindin butar shayi, shi ne ke toshe hujin. Fiya wata ma ban yarda da shi ba. Tataccen ruwa nake saye, wanda aka dafa aka tara tururinsa, a wajen masu sayar da kayan asibiti. Kuma don Allah kar wata ta je wajen mai cajin batir tace a ba ta ruwan batir, wani akwai asid a ciki, fuska ce fa. Mai, turare, humra, madara, ruwan lalle, duk kar a zuba. Wata ta taɓa dawo min da wanda ta saya a wajena wai ya lalace cikin sati ɗaya in canja mata, ina buɗe tankin ƙamshin miski ya buge ni. Nace me ki ka zuba? Tace ɗan kaɗan ne fa. Ruwan wardi ma sai mara mai, wanda ki ka ɗaga kwalbar ki ka ga garau. In injin ya fara toshewa, auduga mai tsinke nake tsomawa a ruwan khal in goga farantin a hankali, ba a dannawa don yana lotsawa, sannan in ɗauraye in bar shi ya fesar da tanki guda kafin ya kusanci fuskar kowa.

Kuma ruwa ba ya kwana a injina. Kowane dare yarana sun san sai an zubar an bar tankin a buɗe ya bushe, saboda ruwan da ya kwana biyu a rufe cikin zafin nan namu ƙwayoyin cuta yake tarawa, ki fesa a fuskar da aka cire wa gashi yanzu, ki kuma shaƙa. Na sha shiga gidan biki in ga masu kwalliyar nan da suka koya a waya cikin sati uku, injinsu ya yi kore a ciki, da shi za su bi amarya da ƙawayenta goma. Su ne kuma ake kawo min misali da su in an zo ciniki, wai wance rabin kuɗinki take karɓa har da feshin. Sai in ce toh Hajiya ga hanya nan, Allah ya ba da sa'a. Rabin waɗanda suka tafi can bayan biki suke dawowa da ƙananan kuraje a goshi, a lokacin ba a maganar ragi.

Hajiyar jiya ma dai yau da safe ta dawo da 'yar don zama na biyu. Jan da halawa ta bari ya kwanta, fuskar ta yi sumul, uwar tana zaune tana kallo ina fesawa ba ta ce uffan ba. Da za su tafi sai ta ja ni gefe tace wai in akwai irin nawa na sayarwa in ajiye mata ɗaya, na jikar tata tofa ruwa yake. Nace akwai, amma sai ta zauna na nuna mata yadda ake wanke shi tukunna.

Masu biki a Disamba ku zo da wuri don Allah, dilka ba a yinta kwana ɗaya, kuma halawar fuska ina so a yi ta aƙalla kwana uku kafin kamu don fata ta samu ta huta. Wadda take shafa mai mai ƙarfi ta faɗa min gaskiya tun a bakin ƙofa, ba mai ji daga bakina. Kuma kar a zo min da haɗin gida a gora a ce in zuba a injina, ba zan zuba ba.