Idan Ruwan Sabon Akwatin Kifi Ya Yi Fari

Sana'ata ita ce sayar da kifin ado da kayan kiwonsa a wani ƙaramin shago da ke kudancin Jidda, kuma ina da yara biyu da ke zuwa gidaje da ofisoshi su kafa akwatunan gilashi, su riƙa komawa suna duba su. Ƙorafin da ya fi yawan zuwa mana yakan zo ne a makon farko bayan kafa akwati, inda mai gida zai kira ya ce ruwan da aka zuba garau ya wayi gari fari fat kamar ruwan da aka wanke shinkafa da shi, don haka yana son magani.

Kafin na ba da amsa nakan tambayi ranar da farin ya fara. Idan tun ranar kafawa ne, galibi ƙurar yashi ce ko ta tsakuwar da ba a wanke da kyau ba, kuma filta, wato na'urar tace ruwan akwatin, za ta kwashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan kuwa sai bayan 'yan kwanaki ya bayyana, to ƙwayoyin bakteriya ne masu cin ragowar abinci da kashin kifi suka hayayyafa suna yawo a cikin ruwan. Wannan yakan washe da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, shi ya sa ba na sayar wa kowa magani a kansa, ko da ya matsa. Abin da nake cewa shi ne: "Alhaji, a rage abinci, a ƙara iska, kada a zubar da ruwan duka." Ƙara iskar yana da muhimmanci, domin waɗannan ƙwayoyi suna rage iskar da kifi ke shaƙa, kuma ruwa mai ɗumi dama ba ya riƙe iska da yawa, don haka idan aka ga kifi ya taru a sama yana buɗe baki, a kunna injin hura iska nan take.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ido ba ya gani. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne a gare shi. A tsohon akwati akwai wasu bakteriya da ke zaune a soson filta da jikin tsakuwa, waɗanda ke mayar da amoniya naitirait, shi ma guba, sannan a mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Sabon akwati ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, kuma sukan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin su kafu. A cikin wannan lokaci ruwa yana iya zama garau alhali kifi na mutuwa a cikinsa. Saboda haka yarana ba sa fita ba tare da kayan gwajin ruwa ba, irin na kwalabe da ake ɗigawa a duba launi. Amoniya da naitirait dole su tsaya a sifili, naitiret kuma mukan so ya zauna ƙasa da miligiram 40 a kowace lita. Idan ɗaya daga cikin biyun farko ya hau, mukan sauya kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan, mu dawo washegari mu sake gwadawa.

Ruwan Jidda yana da nasa hali. Yawancinsa daga Bahar Maliya ake tace shi a cire masa gishiri, musamman a tashar Shu'aiba, kuma ana sa masa kulorin, wanda ke kashe bakteriyar da muke wahalar renonta, don haka duk ruwan famfo sai an ɗiga masa maganin cire kulorin kafin ya shiga akwati. Da bazara tankin da ke saman gini yakan ɗauki zafi ƙwarai, alhali yawancin kifayen da nake sayarwa digiri 24 zuwa 27 suke so, kuma gubar amoniya tana ƙaruwa idan zafi ko ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, ya hau. Nakan ce a tari ruwan a bokiti tun da dare, ya huce a cikin ɗaki. Wasu kuma, don kyakkyawar niyya, sukan cika akwati da ruwan sha na jarka da ake saya a shagunan tacewa, wanda sau da yawa ma'adinansa kaɗan ne, har pH ɗin ya riƙa faɗuwa ba zato.

Ruwan da ya yi kore dabam yake da wanda ya yi fari: gansakuka ce mai yawo, wadda hasken rana ko fitilar da aka bari a kunne dare da rana ke kawowa. Awa 8 ta ishe fitila, kuma akwati ya nisanci taga.

Idan mu muka kafa akwati, kifi kaɗan muke fara sawa, mu ɗauko wani yanki na soso daga lafiyayyen akwatin shago mu sa a sabuwar filtar don a gaggauta kafuwar bakteriya, sannan mu ƙara kifi sannu a hankali bayan gwaji ya nuna sifili. Mukan kuma nuna wa mutanen gida cewa soson filta a ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba.