Wasiƙa daga Long Beach: jirgin da aka hana tsayawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya aiki, ya iyali? Mu dai nan lafiya lau.

Makon jiya na kai yara bakin teku a Long Beach, nan jihar Kaliforniya, muka shiga wani tsohon jirgin ruwa mai suna Queen Mary. Tun 1967 yake ɗaure a wurin, an mai da shi otal. Yara hoto ya dame su, ni kuwa tarihinsa ne ya tsayar da ni.

A Clydebank ta Sikotland aka ƙera shi, ya fara jigila a 1936 tsakanin Southampton da New York. Jirgin masu hannu da shuni ne, fasinjansa bai wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai aka mai da shi jirgin ɗaukar sojoji, aka kwashe kayan alatun, aka shafa masa fenti ruwan toka, aka jera gadaje hawa-hawa har cikin wurin ninƙaya. A Yulin 1943 ya ɗebi mutum 16,683 a tafiya ɗaya. Ku ƙaddara garinku kaf aka ɗora a kan ruwa! Barci ma bi da bi ake yi.

Gudu shi ne garkuwarsa. Jiragen Jamus masu nutso ba sa iya cim masa, ga shi yana tafiyar maciji don kada a saita shi, kuma an yi masa kashedi: komai ya faru, kada ya tsaya.

Ran 2 ga Oktoban 1942, kusa da gaɓar Ireland, ya bi ta kan Curacoa, jirgin yaƙin Birtaniya da ke yi masa rakiya, ya raba shi gida biyu. Sojojin da ke sama suna kallon mutane cikin ruwa, Queen Mary ya wuce abinsa. Sama da mutum 300 suka rasu. Na daɗe ina juya maganar a raina, ban iya ganin laifin kyaftin ɗin ba: da ya tsaya, rayukan sojoji kusan dubu goma ya jefa cikin haɗari. Amma wallahi ba na fatan ko maƙiyina ya tsinci kansa a irin wannan tsaka mai wuya.

Sai na tuna tsofaffinmu 'yan Burma, su ma ta ruwa aka kwashe su zuwa Indiya a wasu jiragen. Wanda kakansa ya taɓa ba shi labarin tafiyar, don Allah ya rubuto mini.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan uwanku a Long Beach