Yajin Aikin Reluwe a Ingila da Lissafin Mutanen Gida

Duk wanda ya baro Gombe ya zo Ingila neman abinci yakan zo da shirin sanyi, da shirin kaɗaici da tsadar haya, amma da wuya a samu wanda aka yi wa gargaɗi game da yajin aiki, domin a ganin mutanenmu wannan ciwo ne na ƙasashen da hukuma ba ta biyan albashi a kan kari. Na sauka a Bradford a watan Afrilun 2022 da bizar aikin kula da tsofaffi, a lokacin da jami'o'in gwamnati a gida suke rufe saboda yajin aikin malamai da aka fara a Fabrairu, wanda bai ƙare ba sai Oktoba. Gidan tsofaffin da ya ɗauke ni yana wajen Leeds, tafiyar kimanin minti ashirin a jirgin ƙasa kafin in hau bas, kuma ban gama sabawa da hanyar ba sai ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta RMT ta sanar cewa mutanenta kimanin 40,000 za su ajiye aiki a ranakun 21, 23 da 25 ga Yuni. Rabon ƙasar da ganin irinsa tun 1989, kuma shi ne mafarin taƙaddamar da aka kwashe fiye da shekara biyu ana yi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne tsarin abin. Mu mun saba da yajin aikin sai-baba-ta-gani, wanda ake sanin ranar shigarsa amma ba mai sanin ranar fitarsa. A nan kuwa, dokar da ake bi a wancan lokaci ta tilasta wa ƙungiya ta aika wa 'ya'yanta takardar ƙuri'a ta gidan waya, sai aƙalla rabinsu sun jefa ƙuri'ar kafin ta karɓu, sannan a ba mai ɗaukar aiki sanarwar mako biyu, kuma bayan wata shida sai an sake neman izinin 'yan ƙungiya. Saboda haka ranar yajin aiki takan zo wa mutum kamar ranar ɗaurin aure, an sa ta tun da wuri kowa ya sani. Ranar da ma'aikaci ya yi yaji kuma ba a biyansa kuɗinta, don haka ba wanda ke shiga don ya huta.

Dalilin rigimar ba ɓoyayye ba ne ga duk mai zuwa kanti. Farashin kaya ya yi ta hawa har ya kai kashi 11.1 cikin 100 a watan Oktoban 2022, abin da ba a gani ba cikin shekara 41, kuɗin wuta da na gas suka yi tashin gwauron zabo, alhali da yawa daga cikin ma'aikatan reluwe sun yi shekara biyu ko uku ba a ƙara musu ko kwabo ba. Akwai kuma wani ƙulli da baƙo ba ya saurin ganewa. Tun lokacin annobar korona a 2020, da fasinjoji suka ɗauke ƙafa, gwamnati ce ta ɗauki nauyin asarar kamfanonin jiragen, don haka kamfani ba ya iya yi wa ma'aikatansa tayin ƙari sai da yardar ministan sufuri. Ƙungiya tana cewa wanda ke riƙe da lalita ya ƙi zuwa teburin sulhu, gwamnati tana cewa magana ce tsakanin ma'aikata da iyayen gidansu, kuma ba za a ƙara albashi ba sai an sauya tsofaffin ƙa'idojin aiki, irin su aikin ranar Lahadi.

Ra'ayin jama'a ya rabu, amma rabuwar ba ta bi layin da na zata ba. Wanda ke aikin ofis yakan buɗe kwamfutarsa a gida ranar yaji ya ci gaba da harkarsa, don haka goyon bayan ma'aikatan bai ci masa komai ba. Irinmu masu wanke tsofaffi da ba su abinci, da masu shara da masu gadi, ba a yin aikinmu daga nesa; sai mutum ya fito tun kafin asuba ya bi bas mai zagaye, ko ya haɗa kuɗin tasi da abokan aiki, wanda kan cinye ladan awa biyu ko uku. Duk da haka, a cikinmu na fi jin masu cewa ma'aikatan suna da gaskiya. Wata tsohuwa da nake kula da ita, wadda mijinta ya yi aikin haƙar kwal har zuwa babban yajin masu haƙar kwal na 1984, ba ta yarda a zagi masu yaji a gabanta, alhali ɗanta mai ƙaramin kantin shayi kusa da tasha yana ƙirga asarar kowace rana yana tsine musu. Shugaban RMT na lokacin, Mick Lynch, ya yi farin jini saboda yadda yake amsa tambayoyin 'yan jarida a talabijin ba tare da ya harzuƙa ba, har waɗanda ba su goyi bayansa ba sukan tsaya su saurara. Amma da ma'aikatan jinya suka fita nasu yajin a watan Disambar 2022, kowa ya ga cewa tausayin da jama'a ke yi musu ya fi wanda suke yi wa mutanen reluwe.

Lissafi ne ya jawo haka. Ministan sufuri na lokacin, Grant Shapps, ya yi ta maimaita cewa matsakaicin albashin ma'aikacin reluwe fam 44,000 ne a shekara, fiye da na ma'aikaciyar jinya. Ƙungiyar RMT ta amsa cewa an cusa direbobi a cikin lissafin, alhali yawancinsu 'yan wata ƙungiya ce daban mai suna ASLEF, kuma albashinsu ya kusa fam 60,000. Masu duba tikiti da masu gyaran dogo da masu share tarago ba su kusa da haka ba.

Da wannan labari ya isa gida, sai ya koma wani abu daban. 'Yan majalisar hirarmu a unguwar Jekadafari ta Gombe suka ɗauki fam 60,000 suka juya shi zuwa naira a kan canjin ranar, suka ga miliyoyi, suka yanke hukunci cewa Turawan nan ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ni ma da suka ji ana biyana fam goma da 'yan kwabbai a kowace awa, sai buƙatu suka ƙaru. Da wuya ka fahimtar da wanda bai taɓa biyan hayar ɗaki ɗaya da harajin gunduma da kuɗin ɗumama gida a wata guda ba cewa albashi ba a canjinsa ake auna shi, ana auna shi ne da abin da zai saya a garin da aka biya shi.

Bappana ne kaɗai bai shiga wannan dariya ba, domin ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a tashar Gombe, bayan da dogo ya taso daga Kuru ya ratsa Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya dangana da Maiduguri a 1964, zamanin da taragu ke fita maƙare da auduga da gyaɗa. A wajen tsofaffin ma'aikatan da ya tarar ya ji labarin yajin gama-gari na Najeriya na 1945, wanda jagoran 'yan ƙwadago Michael Imoudu da mutanen reluwe suka ja gabansa har kimanin wata ɗaya da rabi, kuma abin da suka nema a hannun Turawan mulki shi ne ƙarin kuɗin tsadar rayuwa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Ya ce mini a waya, "Ɗana, ka gaya wa abokanka maganar nan ba sabuwa ba ce. Wanda ya tashi jirgi da mutum ɗari biyar a bayansa, idan ya gyangyaɗa sau ɗaya, gari guda ne zai yi zaman makoki. Kada ku yi masa hassadar abin da yake karɓa." Ga tashar da ya yi wa hidima ta yi shiru yau, kuma shi a ganinsa ba yawan albashin ma'aikata ne ya kashe ta ba.

Ban yarda da Bappa a kan komai ba. Direban da ke karɓar ninki uku na abin da nake karɓa ba ya buƙatar tausayina, kuma akwai rashin adalci a cikin yajin da nauyinsa ke sauka a kan mafi ƙarancin samu. Amma idan an danne albashin direba, ba a aljihun mai kula da tsofaffi rarar za ta shiga ba. Bambancin da ke tsakaninmu shi ne su a haɗe suke, kusan kowane direba ɗan ƙungiya ne, mu kuwa a warwatse muke a dubban ƙananan gidaje masu iyayen gida daban-daban. Baƙo kuma bizarsa a ɗaure take da wanda ya ɗauke shi, idan aikin ya kuɓuce yana da kwana 60 ya samu wani ko ya tattara kayansa, don haka ko da doka ta ba shi damar yin magana, tsoro yakan rufe masa baki.

Inda jama'a suka haɗa kai da ma'aikatan sosai shi ne a 2023, da kamfanoni suka kawo shawarar rufe kusan dukkan ofisoshin sayar da tikiti a Ingila, bisa hujjar cewa yawancin mutane ta waya ko na'ura suke saye. Mutum kimanin 750,000 suka rubuta ra'ayinsu, makafi da tsofaffi da masu keken guragu suka tashi tsaye, a ƙarshen Oktoba gwamnati ta janye. Wannan ya shafe ni kai tsaye, domin a watannina na farko wani mai sayar da tikiti ne ya zauna ya nuna mini yadda tikitin mako ya fi na kullum rahusa.

An sasanta da ma'aikatan Network Rail, kamfanin da ke kula da layukan dogo, a watan Maris na 2023, da na kamfanonin jirage a Nuwamba, direbobi kuwa sai a Satumbar 2024, bayan jam'iyyar Leba ta karɓi mulki, suka amince da ƙarin kashi 5, da 4.75, da 4.5 cikin 100 na shekara uku. Wata guda bayan haka sabuwar gwamnatin ta gabatar wa majalisa ƙudurin dokar haƙƙin ma'aikata, wanda a cikinsa akwai tanadin kafa zauren da za a riƙa tsayar da albashin masu kula da tsofaffi a ƙasa baki ɗaya. Ni dai tun a lokacin na yanki katin ƙungiya, ana cire mini 'yan fam kowane wata, kuma biyu daga cikin 'yan Najeriyar da muke aiki tare sun bi sahu, sauran suna cewa sai sun samu takardar zama ta dindindin tukuna.