Kafin ka kwana a masaukin ruwan zafi na Japan, ka fara rubuta musu wasiƙa

Ƙannena maza da mata, musamman waɗanda karatu ko aiki ko kasuwanci yake kai su Japan, akwai wani dare guda da na kashe kuɗi masu yawa a kansa amma ban mori ko rabin abin da na biya ba, kuma laifin ba na masu masaukin ba ne, nawa ne. Na kammala kwas na wata uku a Yokohama, maiɗakina ta zo domin mu koma gida tare, sai na ga ya dace in kai ta Hakone, wani gari mai duwatsu da ruwan zafi, mu kwana a irin masaukin gargajiyar nan da suke kira riyokan, wanda sau da yawa ake ginawa kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi, wato onsen. Na ɗauka otal ne kamar kowane otal, in biya in karɓi makulli in yi abin da na ga dama, kuma daga wannan zaton sauran kurakuran suka biyo baya.

Tun a wajen kuɗi na fara tuntuɓe. Abokin karatuna ne ya buga musu waya, ya faɗa mini farashi, ni kuma na ɗauka kuɗin ɗaki ne, alhali a riyokan kowane mutum ake yi wa lissafi, kuma kuɗin ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Sai da muka zo biya na ga adadin ya ninka, ga kuma harajin wanka na yen 150 a kan kowane baƙo.

Asarar lokaci ta fi wannan ciwo. Daga tashar Shinjuku da ke Tokyo zuwa tashar Hakone-Yumoto tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa, daga nan kuma ƙaramin jirgi yake hawa dutse zuwa Gora yana yin gaba yana yin baya saboda tsananin gangare. Maimakon mu wuce masauki, sai muka tsaya yawon buɗe ido a Owakudani, inda hayaƙi yake fita daga ƙasa, ana kuma sayar da ƙwan da aka dafa a ruwan farar wuta har ɓawonsa ya yi baƙi ƙirin. Ba mu isa ba sai bayan ƙarfe shida na yamma. Ashe tun ƙarfe uku ake karɓar baƙi, kuma waɗannan sa'o'in da ke tsakanin isowa da abincin dare su ne zuciyar abin da mutum ya saya: a cire takalmi a bakin ƙofa, a zauna a kan tabarmar tatami a sha shayi, a yi wanka tun rana ba ta faɗi ba. Sallama kuwa ƙarfe goma ko sha ɗaya na safe ake yi. Idan za ka biya irin wannan kuɗin, ka isa da wuri, ka bar yawo sai washegari.

Abin da har yanzu nake jin nauyinsa shi ne abincin dare. Suna kiransa kaiseki, kuma jerin ƙananan akusai ne da ake kawowa ɗaya bayan ɗaya bisa abin da yanayin shekara ya bayar, wanda mai dafawa yake shiryawa tun safe gwargwadon yawan baƙin da ya sani. Wata dattijuwa sanye da kimono ce take yi mana hidima. Takan durƙusa a bakin ƙofa, ta tura ta da hannu biyu, ta ajiye kowane akushi tana juya shi domin kyakkyawar fuskarsa ta kalli mai ci. Sai a wannan lokacin na buɗe baki na ce mu Musulmi ne, ba ma cin naman alade, ba ma shan giya, naman sa ma sai wanda aka yanka bisa shari'a. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta sunkuyar da kai, ta fita. Da ta dawo sai ta bayyana mana cewa yawancin romon da miyar an haɗa su da mirin da sake, waɗanda dukansu daga shinkafa ake yin su kuma akwai barasa a cikinsu. Aka kwashe akusan da aka ɓata yini ana ƙawata su, aka kawo mana shinkafa da gasasshen kifi da gishiri da awara, ita kuma tana ta ba mu haƙuri a kan abin da ba ita ta jawo ba. Da na sanar da su mako biyu kafin zuwanmu, da sun faɗa mini abin da za su iya da wanda ba za su iya ba, domin wasu masaukan suna canja girki, wasu kuma suna faɗa maka gaskiya cewa ba za su iya ba, ka nemi wani wurin. Hukuncin ɗan barasar da ke cikin girki kuwa, wannan magana ce ta malamai, kuma tun kana gida ya kamata ka tambayi malaminka, domin kada ka tsaya kana waswasi abinci yana gabanka.

Sai maganar wankan kansa, wanda shi ne dalilin zuwan. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari, mai ɗumin digiri 31, kada ya zaci abu ɗaya ne. Dokar Japan ta 1948 tana kiran ruwa onsen idan zafinsa ya kai digiri 25 ko yana ɗauke da wasu ma'adinai, amma kwamin da ake shiga yakan kai digiri 40 zuwa 42. Babban wurin wanka na kowa ne, maza daban mata daban, galibi da shuɗin labule a ƙofar maza da ja a ƙofar mata, kuma ba a shiga da gajeren wando ko zane. Ɗan tawul ɗin da ake bayarwa ma ba a yarda ya taɓa ruwan ba. Ga mutanen ƙasar wannan tsabta ce da girmama wanda zai shiga bayanka, ga Musulmi kuwa magana ce ta tsare al'aura. Na leƙa, na juyo. Mafita tana nan, kuma da na tambaya da na san ta tun farko: akwai wankan keɓe da suke kira kashikiri, wanda iyali suke kamawa na wani lokaci su kulle ƙofa, akwai kuma ɗakuna masu nasu kwamin a baranda. A ganina, idan akwai abin da ya cancanci ƙarin kuɗi a irin wannan wuri, to ɗaki mai wankansa ne, ya fi girman ɗaki da kyan lambu muhimmanci. Mu da muka makara, mun tarar duk lokutan dare an kama su, sai na sassafe muka samu.

A nan ma na yi garaje. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna a kan 'yar kujera ya wanke jikinsa da sabulu tas, ya ɗauraye, sannan ya shiga a hankali, ya yi 'yan mintuna ya fito ya huta ya sha ruwa. Ni kuwa ina son in fanshe daren jiya, na daɗe a ciki, da na miƙe sai jiri ya ɗebe ni har na dafa bango. Zoben azurfar da mahaifina ya ba ni, wanda na manta ban cire ba, farar wutar da ke cikin ruwan ta mayar da shi baƙi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita kafin su shiga.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da zan ƙara. Rigar yukata da ake bai wa baƙo, ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama, domin akasin haka shi ne yadda ake sa wa mamaci; dattijuwar nan ce ta gyara mini tawa a hankali ba tare da ta ce komai ba. Sannan mu da muka saba da cewa gabas ita ce alƙibla, a Japan yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa, don haka ka duba wayarka kafin ka ta da sallah.

Bayan shekara uku aiki ya sake kai ni, muka je Arima kusa da Kobe, inda ruwan yake ja-ja saboda ƙarfe da gishirin da ke cikinsa. Wannan karon na rubuta musu tun da saura mako uku: mu biyu ne, za mu iso ƙarfe uku, muna son ɗaki mai wanka, ba ma cin nama kowane iri, ba ma son mirin ko sake a girki, kifi da kayan lambu sun wadatar. Suka amsa da tambaya ɗaya, ko muna cin kaguwa da jatan lande. Da muka zauna cin abinci, an ajiye wa kowannenmu takarda da aka rubuta abin da ke cikin kowane akushi, maiɗakina kuma ta ci daga na farko har na ƙarshe ba tare da ta ɗago ta dube ni tana neman tabbaci ba.