Furar Gidan Inna a Sakkwato

Mun bar Zariya bayan sallar asuba, domin duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau a yanzu so yake rana ta faɗi yana cikin gari. Tsafe, Gusau, Talata Mafara, kowa a motar ya yi tsit da carbi a hannu. Sai da muka wuce Dange sannan hira ta dawo bakin mutane. Watan Afrilu ne, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa.

Bikin ɗiyar ƙawata ne ya kai ni, amma tun a hanya zuciyata tana wani gida a wajen Ƙofar Rini. A can nake yin hutun ƙarshen mako lokacin da muke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mu taso daga Dundaye da yunwa da ƙura, Inna, mahaifiyar ƙawar tawa, ta tare mu da ƙwarya. Sana'ar gidan ke nan tun daga kakarsu, fura, ko hura kamar yadda Sakkwatawa ke faɗi. Ba su da shago, ba su da allo a ƙofa. Yara ne ke shigowa da kwano tun hantsi, kafin azahar ta ƙare.

Washegari na fara zuwa Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, na yi ziyara, daga nan na hau keke mai ƙafa uku zuwa gidan. Tun daga zaure na jiyo tashin taɓarya, hawaye suka cika mini ido.

Inna ta tsufa ƙwarai. Tana zaune a kan tabarma a gindin dalbejiya, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ke ta, ɗiyata? Zamna, zamna. Ku kawo mata hura."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau. Sha tukuna, gaisuwa ba ta ƙarewa."

Surukarta ce ke riƙe da aikin yanzu, tare da jikoki mata biyu. Ana surfa gero a wanke, a kai inji a niƙo da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. Iyakar abin da Inna ta yarda inji ya taɓa ke nan. Sauran duk da hannu ne: a kwaɓa, a dunƙula, a jefa a tafasasshen ruwa, a tsamo da zafinsa a zuba a turmi a yi ta kirɓi har ya yi danƙo yana kama taɓarya, sannan a cura a mirgina cikin gari. Na san gidaje da yawa sun koma damu da na'urar markaɗe, kuma ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Sai dai furar da na'ura ta dama takan yi sumul ta rasa gaya, ni kuwa gayan nan da ke zama a gindin ƙwarya shi nake jira.

Ludayin farko sanyi ne kawai ya ratsa ni, irin na ruwan randa, wanda ba ya kashe haƙori kamar ƙanƙara. A na biyu ƙamshin gero ya taso, mai ɗan ƙauri-ƙaurin itace. Citta ba ta yi gaggawa ba, sai da na haɗiye ta ɗumama mini maƙogwaro, kanumfari kuma ya tsaya a hanci. Kindirmon yana da kauri da maiƙo, tsaminsa kaɗan, har ban nemi sukari ba. A gidan Inna dama ba a sa wa baƙo sukari sai ya roƙa.

Tana lura da fuskata. Ta ce, "Mi kinka ji?"

Na ce, "Inna, tana nan yadda na san ta."

Ta girgiza kai. "A'a. Nonon rani na. Babu haki, shanu sun tahi nesa. Ki dawo da damana ki ji."

Gaskiyarta ce, kuma na tuna. Nonon gidan daga rugar danginsu yake zuwa ta wajen Kware, kuma da damina, idan shanu suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa, yakan yi zaƙi, mansa ya yi rawaya. Da kaka kuma sabon gero ne ke da magana, furarsa har wani ɗanyen ƙamshi take yi wanda tsohon gero na rumbu ba ya da shi. Akwai wata fura da na sha a gidan nan da kakar shekararmu ta ƙarshe, ranar da muka gama jarrabawa. Har yau da ita nake auna kowace fura.

Da la'asar suka sake dama mini ragowar ta safe, wannan karon da tsala, nonon da aka kaɗe aka cire mansa. Ta yi tsami, ta yi ruwa-ruwa, yajinta ya fito fili. Ita ce furar masu dawowa daga kasuwa da gona, mai kashe ƙishirwa nan take. Wasu ba sa son ta. Ni a zafin Sakkwato na fi ƙaunarta a kan ta safe, na kuwa shanye har na kai ga gaya na sa hannu.

Ranar komawata na biya sallama da sassafe. Inna ta sa an ƙulle mini curi goma sha biyu a ƙwarya, an rufe da faifai an ɗaure da tsumma. Na ciro kuɗi, ta ture hannuna ta ɓata rai. Ta riƙe yatsuna ta yi mini addu'a mai tsawo, ta ambaci 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta sunan kowa ba.

A tasha direba ya ce in kawo ƙwaryar a sa a bayan mota tare da kaya. Na ce masa a cinyata za ta zauna har Zariya.